Abin da Ya Sauko da Orval Tackett

Ni da Orval Tackett mun haɗu ne a sansanin gwajin jiragen soja da ke hamadar California, lokacin dukkanmu muna kyaftin, gashin kanmu bai fara zubewa ba. Sunana Hollis Brandt. Aikina a wancan zamani tuƙa jirgin rakiya ne. Idan aka ba mutum sabon jirgi ya gwada, ni nake bin sa a gefe ina duba masa abin da ba zai iya gani daga kujerarsa ba, ko hayaƙi ne, ko mai ke yoyo, ko wani ƙarfe ya fara rawa. Na raka mutane da yawa. Wasunsu mun tashi tare, na sauka ni kaɗai.

Orval ɗan manomi ne daga yammacin Kansas, inda babansa ke noman alkama da dawa. Gajere ne kakkaura, wuyansa kamar na bajimi, ga kunnuwa a baje. Ya koyi tuƙi wurin wani maƙwabcinsu mai jirgin feshin gona, tun ƙafarsa ba ta kai ƙasa sosai daga kan kujera ba. Babansa ya yi faɗa har ya gaji, ya ce wanda Allah ya ba ƙasa mai kyau bai ga abin da zai je nema a sama ba. Orval ya saurare shi, sannan ya shiga sojan sama. Haka yake, ba ya musu da kowa, sai dai a wayi gari a ga ya yi abin da ya yi niyya.

Muna kiransa Ɗan Dawa, bai taɓa nuna ya ji haushi ba. Abin da ya sa kowa ya san shi a sansanin shi ne muryarsa a rediyo. Injin zai mutu masa a sama, ko wuta ta kama a bayansa, sai ka ji shi yana magana kamar mai neman a ƙara masa kofi. Akwai ranar da na ce masa, "Ɗan Dawa, fiffikenka na hagu yana ci da wuta." Ya ce, "To, na gode, Hollis. Na dama fa, yana nan lafiya?" Mu sauran muna jin tsoro muna ɓoyewa. Shi kam mun yarda babu abin ɓoyewar ma a cikinsa.

Matarsa Nadine 'yar garinsu ce, siririya, mai baki kamar reza. Ta yi koyarwa a firamare kafin yawon soja ya raba ta da aikin. Gidanmu da nasu katanga ɗaya ce tsakani.

Wata safiya cikin bazara aka ba Orval wani sabon jirgin yaƙi, aka ce ya hau da shi can sama ya jefa shi cikin juyi da gangan, a ga ko zai fita. Ina gefe ina kallo. Jirgin ya shiga juyin, ya ƙi fita. Ya yi ta wulwulawa yana faɗowa kamar busasshen ganye.

Na ce, "Orval, bar shi. Fita."

Ya ce, "Dakata tukuna, akwai abu ɗaya da ban gwada ba."

"Ka fita, na ce! Ƙasa ta zo!"

Sai na ga wutsiyar jirgin ta ɓalle, gutsattsarin ƙarfe suka nufo ni, dole na kauce. Kafin in juyo, wuta ta tashi a gindin duwatsu. Na yi ta zagaye wurin har maina ya kusa ƙarewa, ban ga laimar saukarsa ba, ban ga komai ba sai baƙin hayaƙi. Jirgi mai saukar ungulu ya je, suka ce wutar ba ta kusantuwa, kuma babu ɗan Adam da zai fita daga cikinta da rai.

Ana hango hayaƙin daga gidajen sansani. Matanmu sun san ma'anarsa. Duk ranar da ya tashi, kowace takan fito ƙofa ta tsaya tana jiran ta ga gidan da baƙar mota za ta tsaya. Shi ya sa Kanar, shugaban sansanin, ya kira ni ya ce, "Brandt, kai ne amininsa. Ɗauki Fasto Ames ku je, kafin ta ji a bakin maƙwabta."

Na ce, "To, yallaɓai." Ko kayan tuƙi ban cire ba.

Mun tarar da Nadine tana shanya a gefen gida, da abin maƙale wanki a bakinta. Ta ga motar, ta ga fasto, ta gan ni. Ta cire abin daga bakinta a hankali.

Ta ce, "A'a. Ba nan ba ne. Hollis, koma da motar nan."

Fasto ne ya faɗa mata. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a kan matakalar ƙofa da jiƙaƙƙiyar rigar mijinta a hannu, tana ta matse ta, ruwa yana zuba mata a ƙafa. Kan ka ce kwabo matan unguwa sun cika gidan, wata ta ɗora kofi, wata ta shigo da kwanon abinci. Fasto ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya fara karatu a hankali.

Muna cikin haka wata tsohuwar a-kori-kura ta shigo layin tana tari, ta tsaya a bayan baƙar motarmu. Wani dattijo makiyayin tumaki ne ke tuƙi. A baya kuwa, tsakanin kare da damin ciyawa, ga mutum zaune da laima a naɗe a cinyarsa. Ya sauko da ƙyar. Ƙafarsa ɗaya ba takalmi, fuskarsa duk jini da ƙasa, kafaɗarsa ɗaya ta zube. Ya dubi motar, ya dubi matan, ya dubi fasto.

Ya ce, "Lafiya? Wa ya mutu?"

Littafin ya suɓuce daga hannun fasto. Wata mata ta ƙwalla ihu ta saki kwanonta ya tarwatse. Ni kuwa na dafa mota. Na ga mutumin nan ya ƙone da idona, ko dai haka na ɗauka, ga shi kuma tsaye yana tambayar wa ya mutu.

Ashe ya harba kansa waje da kujerarsa ne daf da ƙasa, ta bayan dutsen, hayaƙi ya rufe shi. Iska ta ja laimar da shi cikin ƙaya har kusa da garken dattijon, wanda ba shi da waya. Da aka tambaye shi me ya sa bai wuce asibiti ba, sai ya ce gida ya fi kusa da ƙofar sansani, kuma yana so ya canza wando.

Nadine ta tashi ta je gabansa. Ta shafa fuskarsa da hannu biyu kamar makauniya. Sannan ta ɗauke shi da mari, irin marin da har ƙarshen layi aka ji.

Ta ce, "Orval Tackett, kai ne ka mutu! Kai! Tun ɗazu nake takabarka!"

Sai a lokacin ta fashe da kuka, shi kuma ya zube ƙasa, don ƙashin kafaɗarsa a karye yake. Kowa ya ruɗe, ana dariya ana kuka. Akwai wata maƙwabciya da baƙar motar ta tsaya a gidanta wata biyu kafin nan, tana shirin kwashe kaya ta bar sansanin. Na ga ta tsaya tana kallon a-kori-kurar nan na ɗan lokaci, sannan ta juya ta koma gidanta ta rufe ƙofa.

Kafaɗa na warkewa Orval ya koma bakin aiki, kuma irin jirgin da ya kusa kashe shi ya fara hawa.

A wancan lokaci ba wanda ya kai shi yi wa 'yan sama-jannati ba'a. Idan aka nuna su a talabijin sai ya ce, "Wannan ai ba tuƙi ba ne. An ɗaure ka a kan roka kamar buhun dankali. Biri ma an aika ya dawo." Muka yi ta dariya. Amma da aka fara maganar sabon kumbo mai fuka-fuki, wanda mutum zai sauko da shi da hannunsa ya dire shi kamar jirgi, sai ba'ar ta ɗauke. Ban lura ba a lokacin. Ya riga ya yi wa Nadine alkawarin nan da shekara biyu zai ajiye aikin gwaji, har ta fara duba gidaje a Kansas.

Wata rana ni da matata muna gidansu muna cin abincin yamma, sai Orval ya ce, "Nadine, miƙo mini dankalin nan. Af, za mu koma Houston. An ɗauke ni."

Ta ce, "An ɗauke ka a ina?"

"Wurin masu kumbo."

Cokali ya tsaya mini a hanya. Mutum ya kusa shekara arba'in, ya nema, an yi ta yi masa gwaje-gwaje, bai faɗa wa matarsa ba, bai faɗa mini ba. Tafiye-tafiyen da yake cewa na aiki ne, ashe can yake zuwa.

Nadine ta ce, "Ka ce mini za ka ajiye."

Ya ce, "Ai na ajiye jirgi."

Na ce, "To, Ɗan Dawa, yaya labarin birin?"

Ya ce, "Biri ba ya dire jirgi."

Ba wanda ya yi dariya. Nadine ta miƙa masa dankalin, ta tashi ta shiga ɗaki. Washegari na ji ta tana tambayar matata inda ake samun kwalaye.

Houston ta ci masa shekaru. Ya ɗauka zuwa zai yi ya tashi, sai ya tarar da layi. Karatu, taro, nutso cikin ƙaton tafki da kayan sama, zaman sa'o'i a cikin kumbon kwaikwayo ana kashe masa inji da gangan. Mutumin da ba ya son magana aka riƙa tura shi makarantu ya yi murmushi a ɗauki hoto. Ni na bar soja na koma tuƙa jirgin fasinja. Idan na kira shi na ce, "Yaushe ne?" sai ya ce, "Ana nan ana dafawa." Furfura ta fito masa a layin nan. Can wata rana ya kira ni ya ce an sa shi a kujerar dama, mataimakin kwamanda, yana so in zo Florida, inda kumbon zai tashi, in tsaya kusa da Nadine.

Na ga jirage iri-iri sun tashi, amma ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Haske ne ya fara, wanda ya fi na safiyar, ba ƙara ko kaɗan. Sannan ƙarar ta iso ta kan ruwa ta bugi ƙirjina, rigata tana kaɗawa a jikina. Nadine ba ta kalli sama ba, fuskata ta zuba wa ido, faratanta a cikin damtsena.

Ta ce, "Kai ka san abin. Idan wani abu ya faru zan gani a fuskarka."

Ba abin da ya faru. Sun yi kusan mako a can, aikinsu ya tafi daidai. Idan aka sako muryarsa a talabijin, ita ce dai muryar nan ta mai neman ƙarin kofi. Suka sauka a busasshen tafkin sansaninmu na da, ina cikin masu tarba. Da suka fito kowannensu yana tangaɗi, don jiki ya manta da nauyi, amma suna ɗaga hannu suna dariya. Orval ya sauko yana riƙe da ƙarfen matakala, idonsa a ƙasa. Ya rame. Na ce a raina gajiya ce.

Bayan 'yan watanni aka ba shi kwamandan tafiya ta gaba. Wannan shi ne abin da kowa a wurin yake kwana yana tashi da shi, akwai waɗanda suka tsufa suna jira ba su samu ba. Orval ya ce ya gode, ba ya so. A makon ya ajiye aiki.

Wayata ba ta huta ba. Tsofaffin abokanmu suka yi ta kira. Wani ya ce likita ya gano masa ciwon zuciya, wani ya ce faɗa ya yi da manya, wani ma ya ce mace ce. Na kira shi bai ɗauka ba. Na shiga mota na tafi Houston.

Na same shi da rana tsaka yana yanke ciyawar ƙofar gida. Ya kashe injin, muka shiga gareji muka zauna a kan akwatuna.

Na ce, "Ɗan Dawa, me ya same ka? Zuciya ce?"

Ya ce, "Lafiyata ƙalau."

"To wa ya taka ka?"

Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma. Sannan ya ce, "Tsoro na ji, Hollis."

Na yi dariya, don na ɗauka wasa ne. Bai yi ba.

Ya ce, "Ba tashin ba ne, tashin daɗi na ji. Bayan kwana biyu ne. Na gama aikina, na je taga. Kowa duniya yake kallo, tana da kyau kuwa, shuɗiya, har na nemi Kansas. Sai kumbon ya juya, duniyar ta fita daga tagar. Na tsaya ina kallon ɗaya gefen." Ya ajiye tsumman. "Ka san idan jirgi zai kashe ka, abin yana da suna. Inji ne, ko wutsiya, ko wuta. Akwai abin da za ka ja, akwai abin da za ka danna. Wannan baƙin duhu ne kawai. Ba ƙasa, ba ƙarshe, bai ma san kana nan ba. Na kama ƙarfe da hannu biyu na kasa saki. Gumi ya rufe ni. Uwata na riƙa kira a zuciyata, ita da ta daɗe a kabari."

Na ce, "Minti nawa?"

Ya ce, "Bai tafi ba. Har muka sauka yana nan. Har yanzu yana nan."

"Amma na ji muryarka. Duk ƙasar nan ta ji."

"Murya ai na iya ta. Ban kuskure maɓalli ko ɗaya ba, ba wanda ya gane. Amma kwamanda shi ne wanda sauran za su duba fuskarsa idan abu ya lalace. Ba zan ɗauki 'ya'yan mutane in kai su can da wannan abin a cikina ba."

Na ce, "Ka ga likita? Ana samun sauƙin irin wannan."

Ya ce, "Na gani, bayan na ajiye. Ya ce in riƙa magana. Ga shi ina yi."

Nadine ta shigo da shayi mai ƙanƙara ta ajiye mana. Na ce, "Kin sani?" Ta ce, "Tun daga kan matakalar nan na sani. Jira na yi ya faɗa da bakinsa." Ta dafa kansa ta fita.

A hanyar komawa sai da na tsaya a gefen titi. Shekara da shekaru, duk lokacin da cikina ya ɗuri ruwa a sama, muryar Orval nake kwaikwaya in samu in natsu. Ban san inda zan ajiye abin da ya faɗa mini ba.

Suka koma Kansas, wani ƙaramin gari kusa da 'yar'uwar Nadine. Kamfanonin jirage suka yi ta bibiyarsa, ya ƙi. Abin da na ji kawai shi ne ya karɓi tuƙin bas ɗin makaranta. Na maimaita wa matata maganar sau biyu kafin ta yarda. Bai sake hawa jirgi ba, ko bikin 'yata a mota ya zo.

Bayan wasu shekaru suka gayyace ni. Nadine ta ce in sauka a Wichita in je gefen ƙananan jirage, za a zo a ɗauke ni. Ina tsaye sai ga wani ɗan jirgi mai inji ɗaya ya gangaro ya tsaya. Aka buɗe ƙofa. Wata mata ce mai furfura da baƙin tabarau.

Ta ce, "Shigo, Hollis. Kuma kada ka taɓa mini komai."

Na tsaya baki buɗe. Na ce, "Nadine? Ke?"

"Za ka shigo ko sai ƙuda ya faɗa bakin?"

Muna sama na kasa haƙuri, na ce ta yaya aka yi haka. Ta ce, "Rabin rayuwata ina ƙasa ina kallon sama ina jiran ya sauko. Na ce bari in je in ga mene ne a can da maza ke kashe kansu a kai."

"Me kika gani?"

"Gonaki. Daga nan ana gane manomi malalaci."

Ta dire mu a wani filin ciyawa, jirgin ya ɗan yi tsalle sau ɗaya. Orval yana gefe kusa da bas ɗinsa mai ruwan ɗorawa, ya murɗe hularsa ta koma kamar tsumma. Ko gaishe ni bai yi ba, ya nufe ta.

Ya ce, "Kin yi saurin sauke hancin jirgin."

Ta ce, "Wanda yake ƙasa ba ya gyara wa na sama, malam direba."

Ya tuƙa bas ɗin nan har idonsa ya yi rauni aka karɓe makullin. Ya san sunan kowane yaro da na karensa, kuma idan dusar ƙanƙara ta rufe hanya, iyaye ba sa damuwa muddin shi ne a gaba. Manyan garin sun san ko shi wane ne, amma ya roƙe su su bar maganar, suka bari. Yara sukan ji ƙishin-ƙishin, su ce, "Mista Tackett, wai ka taɓa zuwa sama?" Sai ya ce, "Zauna, mota na tafiya." Suka ɗauka zolayar manya ce.

Shanyewar jiki ce ta ɗauke shi, yana zaune a shagon aski ana hira. Cocin ya cika har waje, yawancinsu waɗanda ya kai makaranta ne, sun girma, wasu da nasu 'ya'yan. Sojoji suka zo da tuta, aka ajiye hotonsa a gaba cikin kayan 'yan sama-jannati, hular a hammatarsa, kunnuwan nan a baje. Wata mata da ke kusa da ni, da jariri a kafaɗa, ta daɗe tana kallon hoton. Sannan ta dafa hannuna, ba ta ma san ni ba.

Ta ce, "Baba, don Allah, ashe da gaske ne?"

Na ce mata da gaske ne.